Sabuwar gitar bas wata uku ta fara ba ni ciwon kai: da aibinta ta fito daga kamfani ko hunturun Garwa ne?

Sani_BasGarwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin damuwa kuma ina so waɗanda suka fi ni sanin kayan nan su faɗa mini gaskiya. Watan Oktoba na sauka Duwala na sayo gitar bas sabuwa fil a kwalinta, mai tsirkiya huɗu, sefa dubu 185, kuɗin da na yi shekara da rabi ina tarawa daga wasan biki. A butik ɗin na gwada ta lafiya lau take, abu ɗaya dai na lura tsirkiyar G ta can ƙasa ta matso bakin wuya sosai fiye da E ta can sama, mai butik ya ce ai haka suke zuwa. Yanzu ga mu a Janairu bakunan firet, wato ƙarafan da aka jera a kan wuya, duk sun fito kamar haƙoran zarto, ranar Asabar muna wasa a Rumde Ajiya har ɗaya ya yanke ni a gindin yatsa jini ya ɓata mini riga. Tsirkiyar A da D kuma daga firet 3 zuwa 5 zizz kawai suke yi, in na wuce nan sai su yi shiru. Ga gurnani a ampili, wato na'urar ƙara sauti, da ba ya ɗaukewa. Na kira mai butik ya ce zafin arewa ne garanti bai shafi wannan ba. Ni dai zargina kayan da aka ƙi a Turai su ake kwaso mana. Har da 'yar takarda a rataye a kanta da sa hannun wanda ya duba ta a kamfani, toh me ya duba fisabilillahi?

Bello237:
Wa alaikumus salam. Wallahi Sani abin da ke raina ka faɗa, juji suka mai da mu. Tawa ma haka ta yi.

Baba_Idi_Kafinta:
Sani ɗana sannu da wannan abu, Allah ya mayar maka da alheri. Amma kada ka haɗa duka a kwando ɗaya, matsalolin nan uwarsu ba ɗaya ba ce. Ni shekara talatin da wani abu ina aikin katako a Marwa kuma gitocin 'yan orkes da na coci duk wurina ake kawowa. Maganar bakin firet da ya fito, wannan kam hunturu ne. Ka ga yadda ƙofar katako take kumbura da damina har ta ƙi rufuwa, da rani kuma ta saki ka ga haske ta gefenta? Haka allon wuyan gita yake. Katako yana tsukewa ta faɗi in ya bushe, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo waje. Ka ɗauko ta daga Duwala inda iska take jiƙe sharkaf ka kawo ta Garwa a bakin hunturu, dole ta motsa. Su masu ƙerawa suna so gita ta zauna a danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a Janairu da Fabrairu yana sauka ƙasa da 20. Ko mai garaya ya san wannan, da damina sai ya kai fatar kusa da wuta kafin ta yi murya.
Maganinsa mai sauƙi ne, a liƙa salatif a kan katakon a bi bakunan da ƙaramin magagari a hankali. Kuma yanzu ne lokacin yi da ta gama tsukewa, in an yi sau ɗaya da wuya ya dawo.
Amma ita tsirkiyar G da ka gani tun a butik, wannan ba ruwan Garwa da ita.

Sani_BasGarwa:
Na gode Baba. Ke nan ita G ɗin laifin kamfani ne?

Baba_Idi_Kafinta:
Abin da ka gani kafin ka bar Duwala ai ba za a ɗora wa arewa ba. Ko dai ramin da wuya yake zama a jikin gitar an fafe shi ya yi faɗi wuyan ya karkace gefe ɗaya, ko kuma jakin da tsirkiya suke hawa a jikin gitar ne aka ɗaure ba a tsakiya ba. Ka ɗauki katin banki ka gwada cusa shi tsakanin wuya da jiki ka faɗa mini ko ya shiga.

Ali_Liyon:
Bari in sa baki don na yi shekara shida ina aiki a shagon kayan kiɗa a nan Liyon ta Faransa kafin in koma wani aikin. @Sani_BasGarwa @Bello237 ba sai an ware mana na banza ba kafin mu samu na banza, ku gane wannan. Kwalin da muke buɗewa a nan ma ana samun masu aibi a ciki, na sha buɗe sabuwa in tarar da firet a ɗage, ko maɓallin murya yana lilo, ko sile, ɗan abin da tsirkiya suke hawa a farkon wuya, an yanka shi sama-sama har in ka danna firet na farko sautin ya haura. Bambancin shi ne a nan rariya uku ake tace ta. Ta farko a kamfani, shi wanda ya sa hannu a takardar nan da kake magana, kuma a layin masu araha gitoci ne suke wucewa gabansa ɗaya bayan ɗaya, ya jona ta ya ji kowane mikro, wato abin da yake ɗaukar sautin tsirkiya, yana magana, ya duba fenti, ya wuce da ita. Ta biyu wurin dillalin da ke rarraba kayan a ƙasa. Ta uku mu a shago, kowace bas sai mun yi mata regilaji, wato daidaita wuya da tsayin tsirkiya, kafin mu rataye ta, wadda ta ƙi gyaruwa mu mayar. Mai ɗan tabo a fenti kuma a rubuta a jikinta a sayar da rangwame. Bayan duk wannan doka ta ba mai saye garanti na shekara biyu a ƙasashen Tarayyar Turai, in ta intanet ya saya yana da kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba. Mu a gida rariya ta biyu da ta uku babu su, daga kwantena sai hannunka. Kai ne mai dubawa na ƙarshe kuma ba wanda ya koya maka abin da za ka duba.

Bello237:
Yaya Ali toh ai duk ɗaya ne, mu dai muke kwana a ciki.

DanDuwala_Import:
Ku yi mana adalci mu ma 'yan kasuwa. Kowa sai ya ce mai butik macuci ne. Ka san kwana nawa kwantena take yi a teku sannan ta zo ta zauna a tashar jirgin ruwa cikin rana kafin ka gama da duwan, wato kwastan? Ƙarfe ne fa rufe ruf, ciki kamar tanda. In ka fito da guda ashirin ka samu uku da matsala wa za ka mayar wa? Kuɗin mayar da guda ɗaya ya fi kuɗinta. Ni ban ce abin da aka yi wa Sani daidai ba ne, da ni ne da na rage masa wani abu ya kai gyara, amma in muka ce za mu karɓi duk wadda ta je arewa ta dawo wallahi rufe shago za mu yi.

Hajiya_Hawwa_Sono:
Alhaji DanDuwala ka yi haƙuri amma ba zan yarda a ɗora wa rana komai ba, bari in ba ku abin da ya faru da ni. Ina ba da hayar sono, wato kayan sauti, da kayan kiɗa a Ngaundere. Shekara biyu da suka wuce na sayi bas guda biyu rana ɗaya, shago ɗaya, samfuri ɗaya, har launi ɗaya, jirgin ƙasa ɗaya suka hau daga Yawunde, ɗaki ɗaya suke kwana a jingine kusa da juna. Ɗaya har yau ba a taɓa yi mata komai ba sai canjin tsirkiya. Ɗayar kuwa kafin wata biyar wuyanta ya murɗe, in ka sa ido daga kai ka leƙa zuwa ƙasa sai ka ga gefen E ya yi sama gefen G ya yi ƙasa kamar an matse wanki. Yaran da suke haya duk sun gane ta, ba mai ɗaukarta. Toh in yanayi ne me ya sa bai taɓa 'yar uwarta ba? Kuma Ngaundere ma ba ta kai Garwa zafi ba.

Baba_Idi_Kafinta:
Hajiya kin yi gaskiya, wannan misalin naki ya fi dogon bayani. Murɗewar wuya daga katakon take. Ko ba a bar shi ya gama bushewa ba aka sassaƙe shi, ko kuma jijiyar itacen ba ta miƙe ba tun a gungume. Katakon gita ana busar da shi har ruwan cikinsa ya koma kashi 6 zuwa 8, in an yi gaggawa ya shiga inji da saura a ciki toh a hannun mai saye zai ƙarasa bushewa, kuma yadda ya ga dama zai bushe. Ku tuna tsirkiya huɗun nan jan da suke yi wa wuya ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana, kamar ka rataya wa sanda buhun masara. Yanayinmu ba ya ƙirƙirar aibi irin wannan, tona shi yake yi. Kuma ƙarfen cikin wuya ba ya gyara murɗewa, shi aikinsa lanƙwasa gaba da baya kawai. Taki Hajiya in wuyan na kusoshi ne a nemo wani wuyan a sa, ya fi sauƙi.

Hajiya_Hawwa_Sono:
Na kusoshi huɗu ne Baba. Ina ake samun wuya shi kaɗai?

Baba_Idi_Kafinta:
Wurin masu kayan okaziyo, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, ana samun wadda jikinta ya fashe wuyan na nan lafiya. Amma ki auna, yawanci inci 34 ne daga sile zuwa jaki wato milimita 864, akwai kuma gajeru masu inci 30, kada a haɗa miki wani da wani don sauti ba zai taɓa zama daidai ba.

Abakar_Njamena:
Salam jama'a, ni gyaran ampili da bafil, wato lasifika, nake yi a Njamena, bari in ɗauki maganar gurnanin don ba wanda ya taɓa ta. Sani ka jona bas ɗin ka buɗe murya ka cire hannunka gaba ɗaya ka saurara. Sai ka ɗora hannu kan tsirkiya. In gurnanin ya ragu toh wayar mas ɗinka, wadda take haɗa tsirkiya da jikin ampili, tana aiki, abin da ya rage kawai ba a yi wa ramin kayan wuta rufi ba, wannan da takardar tagulla mai gam ake shafe cikin ramin ya ragu sosai. In ka taɓa tsirkiya ba abin da ya canza amma da ka taɓa ƙarfen bakin jak, inda wayar ampili take shiga, sai ya yi shiru, toh 'yar wayar da take bi ta rami zuwa ƙarƙashin jaki ba ta taɓa ƙarfe, ko an manta da ita ko ta nutse cikin fenti. Wannan kuskuren kamfani ne tsantsa kuma na gan shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. In kuwa ka taɓa sai ƙarar ta ƙaru, an juya wayoyin jak ne wajen sudir, wato liƙa su da dalma.
Sannan wane irin mikro ne a jikinta? In dogaye biyu ne irin na samfurin Fender Jazz, kowane ɗaya shi kaɗai dama yana ɗaukar gurnanin wuta, sai ka buɗe su duka biyun daidai suke kashe na juna, wannan ba aibi ba ne haka aka tsara shi. In mai rabe biyu ne irin na samfurin Fender Precision wanda aka fara sawa tun 1957, shi bai kamata ya yi gurnani sosai ba.

Sani_BasGarwa:
Mai rabe biyu ne Malam Abakar. Zan gwada yau da dare in wuta ta zo.

Musa_Kusiri:
Ai mu nan matsalar ma ba ta gita ba ce ta wuta ce. Rabin wasanninmu da gurup, wato janareta, muke yi, ba mas ba komai, waya ɗaya a ja daga can bayan gida a jona ampili da makirfo da firjin masu sayar da ruwa duk a kai. Ranar wani suna mawaƙinmu yana riƙe da gita ya kai baki kusa da makirfo sai da wutar ta jefar da shi ƙasa.

Abakar_Njamena:
Musa wannan ba abin wasa ba ne, yana kisa. Tsirkiyar gita a haɗe take da jikin ampili ta wayar mas, in ampili yana zubar da wuta vol 220 ne a yatsunka. Ku daina karya ƙafa ta uku ta fulogi, kuma in da gurup ne a kafa ƙarfe a ƙasa a jiƙa wurin a haɗa shi da jikin injin. Don Allah ku riƙa yawo da 'yar testa a aljihu ku taɓa tsirkiya da ita kafin ku taɓa da hannu.

Admin_Garga:
'Yan uwa maganar wuta tana da muhimmanci, Abakar ka buɗe mata nata zaren daban don kada ta ɓace a nan. Mu koma kan bas ɗin Sani.

Yakubu_Koral:
Ni darasin da na koya mai tsada ne. Cocinmu a Gidar muka yi karo-karo muka sayi mai tsirkiya biyar, shekarar farko ba matsala. Da tsirkiya ta fara yin sama har yara ba sa iya dannawa sai na sa kile, wato ɗan makullin juya shi, zan ɗaure ƙarfen cikin wuya, sai na ji yana ta juyawa kamar famfon da ya lalace, ba ya kama komai. Muka kai wa mai gyara ya ce tun farko ba a kafa gindinsa da kyau ba a ciki, sai an ɓanɓare allon wuya kafin a kai gare shi, kuɗin aikin ya kusa rabin kuɗin gitar. Wanda ya sa hannu a takarda ba zai ga wannan ba in bai sa kile ya juya ba. Tun daga ranar duk wanda zai sayi bas ina ce masa ka tafi da kile a aljihu, a gaban mai shago ka juya kaɗan dama ka mayar hagu ka ji yana kamawa, in ya hana ka toh ka bar masa kayansa.
Tambaya kuma ga Yaya Ali, a tsirkiyar G wajen firet 6 da 7 sautin mutuwa yake da wuri, ba zizz ba, kawai ba ya daɗewa. Shi ma aibi ne?

Ali_Liyon:
Yakubu wannan ko a masu tsadar gaske ana samunsa, musamman masu wuyan kusoshi da inci 34, kusan kullum a G tsakanin firet 5 da 7. Wuyan ne da kansa yake karkarwa daidai da wannan sautin sai ya shanye ƙarfin tsirkiyar. Ka gwada jingina kan gitar da bango ka kaɗa wurin za ka ji ya daɗe. Wasu suna maƙala ɗan ƙarfe mai nauyi a kai, wurin sai ya gusa ƙasa kaɗan. Ba zan kira shi kuskuren ma'aikaci ba, halin ƙirar ne.

Bello237:
Toh mu tara kuɗi mu sayi ta Amurka mu huta kawai.

DanDuwala_Import:
Bello a nan ma ka yi hattara, rabin abin da ake kira ta Amurka a kasuwa sitika ce kawai aka liƙa a kai. Fender na gaske yawanci a Korona ta jihar Kalifoniya ake yinsa da kuma Ensenada a Meksiko, Squier nasu mai araha kuma yawanci Indonesiya da Sin. In wani ya miƙo maka wadda aka rubuta Amurka a sefa dubu 120 sabuwa, kai ma ka san amsar. Ka duba lambar da ke bayan kai, ka kwance murfin baya ka ga irin wayar da sudir ɗin.

Ali_Liyon:
Kuma sunan ƙasa ba shi ne inganci ba. Masana'antar Cort da ke Indonesiya tana yi wa manyan sunaye da yawa gita, ma'aikata ɗaya injuna ɗaya, abin da ya bambanta shi ne nawa mai sunan ya biya a ɓata lokaci a kan firet da dubawa. Jiki da wuya yanzu injin kwamfuta ne yake fafe su, ba a cika kuskure a nan ba kamar da. Inda hannun mutum yake shiga, danna firet, goge bakinsu, yanka sile, sudir, nan ne ake samun matsala. Akwai wani inji na Jamus mai suna Plek da yake auna firet ɗaya bayan ɗaya yana daidaita su da tsirkiya a ɗaure, amma ba a cika kai masu araha wurinsa ba. Ko ita Amurkan ma, bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965 har ya sayar a 1985, masu kiɗa da yawa sun yi ta ƙorafi kan kayan shekarun 1970, nauyi da kuma ramin wuya mai faɗi, irin dai abin da Baba Idi yake zargi a ta Sani.

Jamila_Marwa:
Ni ba na kaɗa bas, ƙanena ne yake yi, amma abin da ke ba ni takaici ƙasar nan tamu Kamaru duniya ta san ta da 'yan bas, Richard Bona, Etienne Mbappé, Armand Sabal-Lecco, Aladji Touré, ga katako a kudu har ana fitarwa. Na karanta ma kamfanin Taylor na Amurka tun 2011 yake da hannu a wata masana'antar yanka baƙin katakon eboni a Yawunde, Crelicam, shi ake kaiwa a yi allon wuyan gita. Katakonmu ya fita ya dawo mana a kwali da tsada. Me ya hana a ƙera a nan da itacen da ya saba da iskarmu?

Baba_Idi_Kafinta:
'Yata Jamila na gwada. Jiki ba wuya, na yi guda biyu da maɗaci da ya shekara huɗu a rumfata yana bushewa, har yau ko tsagewa ba su yi ba kuma muryarsu mai kauri ce. Wuya ne aikin. Ramin kowane firet sai ya zauna a wurinsa ba kuskuren ko rabin milimita, na farko milimita 48.5 daga sile, na sha biyu daidai rabin tsawo wato 432, in ka kauce a ɗaya toh duk sautin da ke wurin ƙarya zai yi har abada. Ga wayar firet da ƙarfen ciki da mikro duk sai an yo oda. Da na lissafa sai na ga ta fi ta kwali tsada, wa zai saya? Amma da matasa biyu uku za su koyi regilaji da gyaran firet kawai, a Garwa ɗaya a Marwa ɗaya a Kusiri ɗaya, da rabin kukan nan ya ƙare. Ƙofata a buɗe take ga mai son koyo.

Musa_Kusiri:
Baba ni ina so wallahi, bayan azumi zan zo in sha Allah.

Sani_BasGarwa:
Jama'a na dawo, na yi duk abin da kuka ce. Baba Idi katin banki ya shige gefen sama na wuyan har da saura, gefen ƙasa kuma a matse. Malam Abakar na taɓa tsirkiya gurnani bai ko motsa ba, na taɓa bakin jak ya yi tsit. Na sassauta tsirkiya na kwance jakin, sai ga 'yar baƙar waya ta leƙo daga rami ko fatarta ba a fere ba, roba ce take taɓa ƙarfe. Wallahi sai da na zauna na yi shiru ina kallonta, wata uku ina zargin ampilina har na kai shi gyara na biya dubu bakwai. Na fere ta na baza zaren na mayar da jaki, gurnani ya tafi. Ƙarfen cikin wuya na gwada yadda Yakubu ya ce yana kamawa alhamdulillahi. Saura zizz ɗin.

Abakar_Njamena:
Ka gani ko. Kuma da wanda ya sa hannun nan ya ɗora yatsa kan tsirkiya na daƙiƙa biyu da ya kama shi.

Baba_Idi_Kafinta:
Madalla. Wuyan kuma ka sassauta kusoshi huɗun baya kaɗan, kada ka cire, da tsirkiya a ɗaure, ka ja kan gitar a hankali zuwa gefen da zai ba G fili kana kallon tazarar E da G har su yi daidai, ka riƙe a haka ka ɗaure. In ya sake zamewa a cusa ɗan siririn katako a gibin. Zizz ɗin kuwa tunda ka ce a 3 zuwa 5 yake kuma ya ɗauke in ka wuce, ina zargin firet na 6 ya fi 'yan uwansa tsawo. Ka ɗora gefen katin nan a kan firet uku, 5 da 6 da 7, ka ga ko yana rawa kamar sikeli. Kafin nan ka danna E a firet na farko da na ƙarshe ka leƙa wajen na 8, ya kamata ka ga ɗan fili kamar kaurin takarda uku, milimita 0.3 ke nan. In babu fili sam ka sassauta ƙarfen ciki rubu'in juyi ka bar ta ta kwana, kada ka wuce haka a rana ɗaya.

Sani_BasGarwa:
Filin yana nan Baba. Katin kuma yana rawa a kan na 6, kuma da na duba da tocilan waya tsakiyarsa a ɗage yake har farce yana shiga ƙarƙashinsa.

DanDuwala_Import:
Toh wannan ai bushewa ce ta ɗaga shi, ka ce a butik ba ta yi.

Hajiya_Hawwa_Sono:
Firet ashirin ne a jiki Alhaji, duk hunturu ɗaya suka sha, me ya sa na 6 kaɗai ya tashi? Ba a danna shi da kyau ba tun can.

Ali_Liyon:
Ku biyun duka kuna da gaskiya a gani na, ramin ya ɗan yi faɗi tun a kamfani, danshin Duwala ya riƙe shi, Garwa ta sake shi. Amma Sani waya da gibin wuya kam ka ɗauki hoto ka tura wa mai butik da faktir ɗinka, wato rasit, waɗannan biyun ba zai ce zafi ba ne. Ko bai karɓa ba ya san an gane, na gaba da zai saya wataƙila a buɗe a duba masa.

Bello237:
Ba abin da zai yi, ni na tura har bidiyo ko amsa bai ba ni ba. Ni har yanzu ina kan bakata, da ana mayar musu da kaya kamar Turai da sun daina turo irin waɗannan.

Sani_BasGarwa:
Na tura masa hotunan ya gani bai amsa ba tukuna. Ni yanzu tunanina ko in jira shi ko in kawo wa Baba Idi Marwa a danna firet ɗin a goge bakunan gaba ɗaya, don muna da biki biyu a ƙarshen wata kuma ba ni da wata. Amma in an taɓa ta zai ce ni na ɓata.

Yakubu_Koral:
Ai ka riga ka kwance jaki ɗan uwa. In kana so zan ara maka ta cocin na sati biyu, tana da tsauri amma tana aiki, Gidar ba nisa.

Baba_Idi_Kafinta:
In ka yanke shawarar zuwa ka zo ranar Talata da safe, Litinin kasuwa ce ba na zama. Kada ka bari a ɗora ta saman mota cikin rana, ka riƙe ta a ciki tsakanin ƙafafunka. Ka taho da sabuwar tsirkiya irin kaurin da kake sawa, don da ita zan yi regilajin.

Fadi_Mokolo:
Salam, yanzu na shigo na karanta daga sama. Baba Idi don Allah tawa mai batir ce, sati biyu sai batirin ya mutu ko ban kaɗa ba, kuma ina cire waya daga jak in na gama. Shi ma daga kamfani ne ko ni ce nake wani kuskure? Malam Abakar in kana kusa.